Ilimin Manɗiƙi: Ma'aunin Hujja da Malamanmu Suka Sani, Muka Jingine

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure, a Mashi ne ko Daura ko cikin birnin Katsina, ya san Ahalari. Shi ne ɗan littafin da ake buɗe wa ɗalibi ƙofar fiƙihu da shi, kafin Ishmawi da Iziyya da Risala, kuma daga cikinsa yawancinmu muka koyi tsarki da ƙabli da ba'adi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mai littafin, Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mutumin yankin Biskara a ƙasar Aljeriya, yana da wani littafin da ya yi suna a duniyar Musulmi, wato Sullamul Munauraƙ. Waƙe ne na baitoci 140 da 'yan kai, ya tsara shi a shekara ta 941 bayan Hijira, wajen 1535, yana ɗan shekara 21, kuma ba a kan salla ko azumi yake magana ba. A kan manɗiƙi yake, ilimin da ke koya wa mutum yadda zai bi tunaninsa daga dalili zuwa sakamako ba tare da ya ɓata a hanya ba. Mun riƙe littafinsa na farko hannu bibbiyu, na biyun kuwa sai ɗaiɗaikun manyan ɗalibai ke kai wa gare shi. Ra'ayina shi ne wannan rabon da muka yi ya jawo mana asara, domin tushen manɗiƙi bai fi ƙarfin mai sayar da hatsi ko malamar firamare ba, kuma an daɗe da saninsa a ƙasar nan tun kafin Bature ya taka ta.

Manɗiƙi ba ya gaya maka abin da za ka yarda da shi. Aikinsa shi ne ya duba ko maganar da aka yanke ta fito daga dalilan da aka kawo, ko kuwa an ɗora ta ne kawai a kansu. Kamar mudu yake a hannun ma'auna: mudu ba ya noma gero, ba ya san ko na bana ne ko na bara, amma shi ke raba gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa. Wanda ya fara tsara wannan fanni a rubuce shi ne Aristotal, mutumin Girka, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A zamanin Abbasiyawa aka juya littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza, sa'an nan Al-Farabi, wanda ya rasu a 950, da Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, suka gyara fannin suka faɗaɗa shi har ya zama nasu. Wanda ya shigar da shi zauren malaman addini kuwa shi ne Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111. Ya rubuta masa littattafai irin su Mi'iyarul Ilmi, ya kuma sa gabatarwa a kan manɗiƙi a farkon Mustasfa, babban littafinsa na usulul fiƙihi, domin a ganinsa mai fitar da hukunci ba zai amince da iliminsa ba in bai san ma'aunin hujja ba.

Yadda fannin ya iso mu yana da labari mai daɗi. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya zo ƙasar Hausa, ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kuma koyar a Katsina kafin ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammad. An fi tuna shi da nasihar da ya rubuta wa Rumfa a kan mulki, amma gwani ne a manɗiƙi, yana da waƙe a fannin mai suna Minahul Wahhab, wanda aka riƙa karantarwa a Tambutu, har Ahmad Baba ya ambace shi cikin abin da ya karanta wurin malaminsa Muhammad Bagayogo. A daidai wannan zamani akwai Imam Jalaluddin Suyuɗi a Masar, wanda malamanmu ke karanta tafsirinsa kowane azumi, wanda kuma ya taɓa aiko wa sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha. Suyuɗi ya tafi a kan cewa shagaltuwa da manɗiƙi haramun ne, ya rubuta littattafai a kan haka. Da labari ya kai wa Maghili sai ya aika masa da baitoci yana ƙalubalantarsa, gundarin maganarsa shi ne ana gane mutane da gaskiya ne, ba a gane gaskiya da mutane, kuma dalili ingantacce ba ya lalacewa don ya fito daga bakin wanda ba Musulmi ba. Suyuɗi ya mayar da amsa cikin baitoci shi ma, da ladabi, bai sauka daga ra'ayinsa ba. Manyan malamai biyu ke nan, kowannensu yana da alaƙa da Katsina, suka saɓa a kan wannan fanni fiye da shekara 500 da suka wuce, kuma babu wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga addini.

Katsina ba ta tsaya a karɓa ba, ta haifi masu rubutu a fannin. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wanda masana tarihin lissafi suka sani saboda aikinsa a kan hatimin lambobi, ya tafi hajji, ya zauna a Alƙahira a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, ya rasu can a 1741. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, babban marubucin tarihin Masar, ya lissafa littattafansa, a ciki har da waƙe a manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus da sharhin da ya yi masa da kansa. A daular Sakkwato kuma akwai Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rasu a 1864, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan mas'alolin falsafa. Saboda haka ɗalibin da ya bar Mashi ya shiga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-Ma, ya tarar da darasin falsafa da manɗiƙi cikin darussan bai-ɗaya da ake ɗora wa kowa, ya ɗauka wani kayan Turawa ne da za a haddace a zubar bayan jarrabawa, an zalunce shi. Ba a gaya masa cewa mutumin ƙasarsa ya rubuta littafi a wannan fanni tun kafin a kafa Amurka ba.

To, mene ne a cikin fannin? Malaman manɗiƙi sun fara da raba sani gida biyu. Akwai tasawwuri, wato ka kawo surar abu a zuciyarka ba tare da ka yanke masa wani hukunci ba, kamar a ce maka "taki" ka gane abin da ake nufi. Akwai kuma tasdiƙi, wato ka tabbatar wa abu wani hukunci ko ka kore masa, kamar ka ce "taki ya yi tsada bana". Suka ce tasawwuri shi ke gaba, don ba a yanke hukunci a kan abin da ba a tantance ba. Hanyar tantancewa ita ce ta'arifi, wato iyakance ma'ana, ka faɗi babban gidan da abu yake ciki, wanda suke kira jinsi, sa'an nan ka faɗi abin da ya raba shi da 'yan'uwansa, wanda suke kira fasali. Sharaɗin ta'arifi mai kyau shi ne ya tattaro duk abin da ke cikin ma'anar, ya kuma hana baƙo shiga. Wannan ƙa'ida tana kama da wasan yara har sai ka saurari muhawarar da aka yi a 2020, lokacin da gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu saboda annobar korona. Mai cewa a hana almajirci yana nufin yaro ɗan shekara bakwai da roba a hannu a bakin tasha. Mai cewa ba za a taɓa almajirci ba yana nufin tafiya neman karatun Alƙur'ani. Sun yi ta ɗaga murya a rediyo watanni, alhali da an tsayar da su tun farko an ce kowa ya faɗi abin da yake kira almajirci, da sun ga cewa abin da suka yi tarayya a kai ya fi abin da ya raba su yawa. Haka gardamar bidi'a take, haka ta ta'addanci, haka ta wane ne talaka idan an zo rabon tallafi.

Daga nan sai ƙadiyya, wato maganar da za a iya cewa gaskiya ce ko ƙarya. Tambaya da umarni da addu'a ba sa shiga nan. Abu mafi amfani da za a koya game da ita shi ne bambancin "duka" da "wasu", domin a nan yawancin maganganunmu ke zamewa. Maganar da ta game duka, misali ɗaya tak ke rushe ta. In wani ya ce duk Bakatsine ɗan Najeriya ne, ya isa a nuna masa Maraɗi, inda zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina suka kafa sarauta bayan jihadi, har yau ana kiran sarkinsu Sarkin Katsina, kuma 'yan Nijar ne. Amma maganar da ta tsaya a kan wasu ba ta faɗuwa da misali ɗaya, kuma ba ta da ikon hawa ta zama duka komai yawan maimaita ta. Akwai kuma abin da suke kira akasi, wato juya magana. Gaskiya ne duk mutumin Mashi ɗan jihar Katsina ne, amma in ka juya ta, abin da za ka samu kawai shi ne wasu 'yan jihar Katsina mutanen Mashi ne. Kowa zai yi dariyar wanda ya ce duk ɗan jihar Katsina mutumin Mashi ne, amma irin wannan juyin ne ake yi kullum idan magana ta shafi ƙabila ko ɗarika ko jam'iyya, kuma ba mai dariya.

Zuciyar fannin ita ce ƙiyasi, wato a haɗa magana biyu da aka sallama, su haifi ta uku dole. Biyun farko ana kiran su muƙaddima, ta ukun natija. Misalin da malamai suka fi kawowa shi ne: duk abin da ke sa maye haramun ne, burkutu tana sa maye, saboda haka burkutu haramun ce. Lura da "sa maye", ya fito a muƙaddima ta farko da ta biyu amma bai fito a natija ba. Shi ne haddi na tsakiya, shi ya ƙulla burkutu da haramci, kuma ya iya ƙullawar ne don muƙaddima ta farko ta game duk abin da ke sa maye, ba ta bar ko ɗaya a waje ba. In aka rasa wannan gamewar, ƙiyasi ya ɓaci ko da kowace muƙaddima gaskiya ce. A watan Maris na 2025 an tare wata mota a Uromi ta jihar Edo, aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida yin salla. Tunanin da ya kashe su shi ne: masu satar mutane suna ɗauke da bindiga, waɗannan suna ɗauke da bindiga, saboda haka waɗannan masu satar mutane ne. Muƙaddima ta farko gaskiya ce, ta biyu ma gaskiya ce, amma ba wanda ya isa ya ce duk mai ɗauke da bindiga ɓarawon mutane ne, kuma in ba a faɗi haka ba, natijar ba ta da uwa ba ta da uba. Mun yi kuka a kan Uromi, kuma ya cancanci kuka. Sai dai wajibi ne mu yarda cewa da irin wannan gurguwar ƙiyasin ake tare Bafulatani a kasuwar ƙauye a jiharmu, a ce ɓarayin daji a daji suke kwana, wannan ma a daji yake kwana, a yanke masa hukunci kafin ya buɗe baki.

Akwai wani ɓacin kuma da ke zuwa ta ɗaya ɓangaren, inda ginin ƙiyasi yake daidai amma kayan da aka gina shi da su ruɓaɓɓu ne. Malamai suna kiran ginin sura, kayan kuma madda. A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, cikin dare ɗaya saƙo ya karaɗe Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi iyalansu da asuba, wasu suka ƙare a asibiti, har aka ba da rahoton rasa rayuka. Wanda ya ce duk abin da ke kare mutum daga Ebola ya kamata a yi shi, ruwan gishiri yana karewa, saboda haka a yi, bai karya ƙa'idar sura ba. Muƙaddimarsa ta biyu ce ƙarya. Shi ya sa littattafan manɗiƙi suka ware babi a kan inda muƙaddima ke fitowa. Wasu ana samun su daga abin da hankali ba ya iya musantawa, kamar ɗaya rabin biyu ne. Wasu daga gani da ji da taɓawa, wasu daga jarrabawa mai maimaituwa, wasu daga tawaturi, wato labarin da jama'a masu yawa suka ba da, kowa daga abin da ya gani da idonsa, ta yadda ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba. Waɗannan su ke ba da yaƙini. Ƙasa da su akwai abin da ya shahara a bakin mutane, da abin da aka karɓa don girman wanda ya faɗa. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, wanda bai taɓa zuwa ba ma ya san da ita ta hanyar tawaturi. Labarin Bayajidda da macijiya kuwa gado ne mai daraja da ya shahara, masana tarihi suna ta nazarin abin da yake nunawa, amma matsayinsa a ma'aunin hujja daban yake da na rijiyar, kuma faɗin haka bai rage wa Daura komai ba. Wannan bambancin ne ya kamata kowane mai waya ya riƙe. Saƙon murya da ya zo maka daga mutum 50 a WhatsApp ba tawaturi ba ne, domin in ka bi sawunsa za ka tarar duk daga baki ɗaya ya fito, kuma mai bakin ba a san shi ba. Labarin mutum ɗaya ne aka tura sau 50.

Ba kowane tunani ke sauka daga duka zuwa ɗaya ba. Sau da yawa daga ɗaiɗaiku muke hawa zuwa duka, wannan shi ne istiƙra'i, kuma da shi manomi ke sanin irin da ke jure ƙarancin ruwa, da shi likita ke sanin maganin da ke aiki. Malamai sun yi gargaɗi cewa in ba a bi dukan ɗaiɗaikun ba, abin da yake bayarwa rinjayen zato ne, kuma ƙarfinsa yana bin yawan abin da aka duba da irinsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Ƙorafin mutane a kan wannan yana da tushe. Amma da aka tashi daga nan aka yanke cewa duk maganin da ya fito daga waje makirci ne, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, an yi tsalle daga misali ɗaya zuwa duka. Cutar shan inna ta sake bazuwa, ta ƙetara har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta fita daga ƙangin ƙwayar cutar ta asali. Yaran da suka shanye a tsakanin nan su suka biya kuɗin wannan tsallen.

Malaman fannin sun kuma lura cewa ba duk mai magana ke neman yaƙini ba. Akwai burhani, hujjar da aka gina da muƙaddimomi tabbatattu. Akwai jadali, inda ake kama abokin gardama da abin da shi ya sallama, ko da abin ba tabbas ba ne. Akwai salon huɗuba mai jan zuciya zuwa aiki, da salon waƙa mai motsa rai da siffantawa, sa'an nan akwai safsaɗa, wato ƙarya da aka yi wa kwalliyar hujja. Ba su ce waƙa ko huɗuba laifi ba ne, kowanne yana da muhallinsa. Abin da suke so shi ne mai sauraro ya san wanne ake yi masa, kada mawaƙin siyasa ya rera masa baiti ya tashi yana jin an kawo masa dalili.

Mai karatu zai iya cewa, to ai wannan duk ƙofar falsafa ce, falsafa kuwa an san inda take kai mutum. Wannan tsoro yana da asali, bai kamata a yi masa dariya ba. Falsafa bincike ne da hankali a kan manyan tambayoyi: mene ne haƙiƙanin samuwa, ta yaya muke sanin abin da muka sani, mene ne kyakkyawan aiki da adalci. Wasu amsoshin da masana falsafa suka bayar sun ci karo da aƙida, shi ya sa Gazali ya rubuta Tahafutul Falasifa ya yi musu raddi a mas'aloli 20, ya tsananta a kan uku daga ciki. Amma da wane makami ya yaƙe su? Da manɗiƙi, ya nuna cewa hujjojinsu ba su cika sharaɗin burhanin da su kansu suka gindaya ba. Kuma tambayoyin ba su tsaya a Girka ba. Ɗalibin da ya karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi, mutumin Tilimsan wanda ya rasu a 1490, littafin tauhidin da aka daɗe ana karantarwa a zaurukanmu, ya san cewa da hukuncin hankali guda uku aka buɗe shi: wajibi, abin da hankali ba ya ɗaukar rashinsa, mustahili, abin da hankali ba ya ɗaukar samuwarsa, da ja'izi, abin da samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. Waɗannan kalmomi uku suna cikin ginshiƙan falsafa a ko'ina, kuma malamanmu sun ɗora bayanin siffofin Ubangiji a kansu. Al-Akhdari da kansa bai ɓoye saɓanin ba, ya kawo cewa Ibn Salah da Nawawi sun haramta fannin, wasu sun ce ya kamata a koya, sa'an nan ya rinjayar da halaccinsa ga mai lafiyayyen hankali wanda ya san Alƙur'ani da Sunna. Masu sharhinsa sun ƙara da cewa saɓanin ya shafi littattafan da aka cakuɗa da aƙidun masana falsafa ne, ban da tsantsar ƙa'idojin auna hujja.

Suka mafi nauyi a wurina ita ce ta Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya kuma rubuta littafi guda na raddi ga masu manɗiƙi. A taƙaice yana ganin mai kaifin basira ba ya bukatar fannin, dolo kuwa ba ya amfana da shi. Akwai gaskiya a nan. Dattijon da ke sasanta rikicin iyakar gona a gaban mai unguwa bai taɓa jin sunan haddi na tsakiya ba, amma yana gane shaidar da ta yi tufka da warwara, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin cewa gani ya kori ji. Sai dai yawancin mutane ba masu kaifin basira ba ne kuma ba dolaye ba ne, a tsakiya muke, muna gane kuskure a maganar abokin hamayya mu kasa ganinsa a tamu. Amfanin sanya wa kuskure suna shi ne ka iya nuna shi a fili, a duba tare, maimakon kowa ya ce shi dai bai gamsu ba. Balarabe ma yana magana daidai kafin a rubuta nahawu, amma da harsuna suka cakuɗu sai da aka rubuta shi. Dattijon da na ambata yana auna maganar mutanen da ya san iyayensu. Jikansa kuwa yana karɓar magana ɗari a yini daga mutanen da bai taɓa gani ba, a cikin wata na'ura wadda ita kanta da ƙa'idojin manɗiƙi take aiki, tun daga lissafin gaskiya da ƙarya da George Boole ya wallafa a Ingila a 1854, wanda injiniyoyi suka mayar da shi hanyoyin lantarki na kwamfuta.

Akwai kuma masu cewa fannin yana haifar da 'yan gardama masu girman kai. Wannan ya taɓa faruwa a ƙasar nan. A zamanin Shehu Usmanu an sami wasu ɗaliban ilimin tauhidi da ke tare talakawa da tambayoyi, wanda ya kasa kawo dalilin aƙidarsa a irin tsarinsu su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya yi musu raddi mai zafi a littattafai da dama, ya kare imanin talaka. Amma in ka duba abin da suka yi, ƙa'idar fannin suka karya, domin sun ɗauka cewa duk wanda bai iya furta dalili ba to ba shi da dalili, wannan kuwa muƙaddima ce da ba su taɓa tabbatarwa ba. Manɗiƙi ba ya gyara zuciya, wanda ya shiga da son rinjaye zai fito da son rinjaye, kamar yadda fiƙihu bai hana wani koyon dabarun kauce wa zakka ba. Maganin wannan tarbiyyar malami ce, wadda ke koya wa ɗalibi ya fara ɗora hujjarsa a ma'auni kafin ta wani.

Abin da ya rage shi ne harshe. Yau wanda ke son wannan ilimi sai dai ya bi ta Larabci mai wuya na matani da sharhi, ko ta Turancin jami'a, alhali mutanen da jita-jita ta fi cutarwa da Hausa suke tunani, da Hausa ake yaudararsu. Ba a bukatar sabon gini ko kasafin kuɗi kafin a fara. Ina kira ga malaman sassan Hausa da Larabci da nazarin addinin Musulunci a jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma, da Kwalejin Yusuf Bala Usman da ke Daura, su zauna da malaman zaure da suka karanta Sullam, su fitar da ɗan littafi da Hausa, a boko da ajami, wanda misalansa za su fito daga gona da kasuwa da kotu. Shugabannin makarantun Islamiyya na Mashi da Mani da Dutsi da Daura su ba shi darasi ɗaya a mako a ajin manya, gidajen rediyo kuma su ba shi fili kamar yadda suke ba wa tafsiri da wasanni.